Sarkin Musulmi Muhammadu Bello: Sarkin da ya rubuta littafi a kan ganyen filasko

Duk ɗan makarantar da ya karanta tarihin ƙasar Hausa ya san sunan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ɗan Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. An san shi da jarunta a fagen fama, da gina birnin Sakkwato, da kuma littafinsa na tarihin jihadi mai suna Infaƙul Maisuri. Amma akwai wani ɓangare na rayuwarsa da ba a cika ambata ba, watau himmarsa wajen ilmin magani. A cikin littattafai fiye da 100 da ya wallafa, akwai da dama da suka shafi cuta da maganinta, har ma ya ware guda ɗaya sukutum a kan sanamaki, ɗan'uwan ganyen nan da Hausawa su ke kira filasko.

Dalilin da ya sa wannan magana ta cancanci a tuna da ita shi ne, ganyen nan da Sarkin Musulmi ya yi wa littafi ya komo mana a cikin sabuwar riga. Ma'aikaci ko ɗalibin da ya bi Titin Sama a Sakkwato, ko ya shiga babbar kasuwa, ba zai rasa ganin kwalayen shayin rage ƙiba a shaguna ba, waɗansu da rubutun ƙasar Sin a jikinsu. Da yawa daga cikin irin wannan shayi, in an duba abin da aka haɗa shi da shi, sai a tarar sanamaki ne ginshiƙinsa. Saboda haka tarihin wannan bawan Allah yana da abin da zai koya wa mai saye da mai sha.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Muhammadu Bello cikin shekarar 1781. Mahaifiyarsa ita ce Hauwa'u, wadda a ke yi wa laƙabi da Inna Garka, ita ce kuma ta haifi ƙanensa Abubakar Atiku. Ya tashi a Ɗegel, a gidan da karatu ya zama abincin yau da kullum ga maza da mata. Ya yi karatu a wurin mahaifinsa, da wansa Muhammadu Sa'adu, da kuma ƙanen mahaifinsa Malam Abdullahi, wanda daga baya aka sani da Abdullahin Gwandu. Ya ƙware a Larabci da nahawu da fiƙihu da tafsiri da hadisi tun yana saurayi.

A makarantun wancan zamani ba a raba ilmin addini da ilmin jiki ba. Ɗalibin da ya karanta manyan littattafan hadisi dole ya bi ta kan babin magani, inda zai ci karo da maganar zuma da ƙaho da habbatus sauda da sanamaki. Malam Abdullahi kansa ya wallafa littafi mai suna Masalihul Insani, wanda ya haɗa abin da ya shafi gyaran addini da gyaran jiki. To, a irin wannan gida ne sha'awar magani ta kama Bello.

Shekarun jihadi

Cikin watan Fabrairu na 1804, sa'ad da zama ya gagara tsakanin Jama'a da Sarkin Gobir Yunfa, Shehu ya yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu. Bello yana da shekara wajen 23 a lokacin. Da shi aka yi yaƙin Tabkin Kwatto cikin watan Yuni na wannan shekara, inda Jama'a suka yi nasara. Amma kafin shekarar ta ƙare sai aka yi musu mummunar ɓarna a Tsuntsuwa, aka kashe mutane masu yawa, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani wajen 200. Cikin 1805 kuma aka sake shan wuya a Alwasa.

Waɗannan shekaru ba takobi kaɗai ya ci mutane ba. Yunwa da cuta sun bi rundunar Jama'a duk inda ta sauka, domin mutane ne da suka bar gonakinsu da rumbunansu, suna tafe da mata da yara da tsofaffi. Shugaban da ya ga haka da idonsa ba ya bukatar a gaya masa cewa lafiyar talakawa tana cikin abin da ya rataya a wuyan mai mulki.

Cikin 1808 Bello ya shugabanci rundunar da ta ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, aka kashe Yunfa. Shekara ɗaya bayan haka, cikin 1809, ya fara ginin Sakkwato. Cikin 1812 Shehu ya raba aikin tafiyar da daula, ya ba Malam Abdullahi yamma, ya ba Bello gabas. A wannan shekara ce kuma Bello ya kammala Infaƙul Maisuri, wanda a cikinsa ya kawo wasiƙun muhawarar da suka yi da Shehu Muhammadu El-Kanemi na Barno.

Shekara 20 a kan mulki

Shehu ya rasu a Sakkwato cikin watan Afrilu na 1817, aka yi wa Bello mubaya'a ya zama Sarkin Musulmi. Bai sami hutu ba ko kaɗan. Tun a shekarar farko Abdussalami ya yi tawaye a Kware, sai da aka murƙushe shi a farkon 1818. Gobirawa da Kabawa da Zamfarawa kuma suka yi ta yunƙurin komo da mulkinsu. An ɗan sami rashin jituwa tsakaninsa da Malam Abdullahi a kan gadon Shehu, amma suka shirya a Kalambaina, inda Bello ya kai masa gudummawa, kowannensu ya girmama ɗan'uwansa.

Dabarar da ya yi don tsare ƙasa ita ce kafa garuruwan ribaɗi a kan iyaka, waɗanda mafi girma a cikinsu shi ne Wurno, inda shi kansa ya riƙa zama. Ya ja hankalin Fulani makiyaya su zauna wuri ɗaya, su yi noma, su sa 'ya'yansu karatu. A littafinsa Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya nuna cewa wajibi ne mai mulki ya kula da masu sana'o'in da jama'a ba sa iya rayuwa sai da su, ya kuma rarraba su a garuruwa. A cikin waɗanda ya lissafa, tare da manoma da maƙera da maɗinka da marina, akwai masu magani. Ke nan a ganinsa samar wa kowane gari mai magani aikin hukuma ne.

Baƙo daga Ingila

Cikin watan Maris na 1824 wani Bature ɗan Birtaniya, Kyaftin Kilafatan, ya iso Sakkwato, ya zauna har watan Mayu a hannun Waziri Gidaɗo ɗan Laima, mijin Nana Asma'u. Tare suka taso daga Tarabulus da wani likita mai suna Udni, amma likitan ya rasu a hanya kusa da Katagum cikin watan Janairu. Kilafatan ya rubuta a littafin tafiyarsa cewa Sarkin Musulmi ya yi baƙin cikin wannan rasuwa, domin ya so ƙwarai ya ga likitan Turawa wanda zai koya wa mutanensa aikin magani. A cikin abubuwan da ya nema daga Sarkin Ingila har da a aiko masa da likita ya zauna a Sakkwato.

Wannan buƙata tana nuna halin mutumin. Ga shi malami, ɗan malami, mai littattafan magani na Larabci a gabansa, amma bai ɗauka cewa ilmi ya ƙare a wurinsa ba. Da Kilafatan ya komo cikin 1826 ya zo masa da kyautar littattafan Larabci, har da littafin lissafi na Uƙlidis, wanda Bello ya yi murna da shi ƙwarai, domin na gidansu ya ƙone a wata gobara. Wannan zuwa na biyu bai yi daɗi ba, saboda ana yaƙi da Barno, aka hana baƙon wucewa can. Ciwon ciki ya kama shi, ya rasu a Sakkwato cikin watan Afrilu na 1827. Likitan da aka nema kuwa bai iso ba har Bello ya bar duniya.

Littattafansa na magani

Rashin likitan bai sa ya naɗe hannu ba. Ya wallafa Almawaridun Nabawiyya da Ujalatur Rakibi da Talhisul Maƙasidi, waɗanda suka tattara magunguna iri iri. Ya kuma ɗauki waɗansu cututtuka ɗaya ɗaya ya yi wa kowace littafinta. Masugul Lujaini a kan ciwon ido ya ke, Alƙaulul Mansuru kuwa a kan basir. Duk wanda ya san ƙasar Sakkwato, da ƙurarta da zafinta, ya san waɗannan su ne cututtukan da suka fi damun jama'a. Sa'an nan ga Alƙaulus Sana, wanda cikakken sunansa ya bayyana abin da ya ƙunsa, watau hanyoyin tausasa ciki da wanke shi da sanamaki.

Asalin darajar wannan ganye a wurin malaman Musulunci hadisi ne da Tirmizi da Ibnu Majah suka ruwaito, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambayi Asma'u 'yar Umaisu abin da ta ke wankin ciki da shi. Da ta ambaci wani tsiro mai suna shubrum sai ya nuna mata yana da zafi da ƙarfi, ya yabi sanamaki. Abin lura a nan shi ne, tun daga tushe an bambanta maganin wankin ciki mai tsanani da mai sauƙi. Masana irin su Ibnul Ƙayyim sun yi bayanin yawan da a ke sha da abin da a ke haɗa shi da shi don rage murɗar ciki.

Ganyen kuma ba baƙo ba ne a wannan ƙasa. Filasko yana fitowa da kansa a sassan Arewa da ƙasar Nijar, tun kafin zamanin Bello ma fatake suna ɗaukar sanamakin ƙasar Azbin su ƙetare Sahara da shi zuwa Tarabulus, daga can ya wuce Turai. Don haka Sarkin Musulmi ya rubuta ne a kan abin da ke hannun talakansa, don a yi amfani da shi da sani. Sunan littafin kaɗai ya isa ya nuna matsayin da ya ba ganyen: magani ne na wata larura takamaimai, mai hanyoyin sha da a ke koyo.

Daga Sakkwato zuwa ƙasar Sin

Mutanen Sin su ma suna da tsohon ilmin tsirrai a rubuce. Babban masaninsu Li Shizhen, wanda ya rayu daga 1518 zuwa 1593, ya tattara magunguna 1,892 a littafinsa da aka buga cikin 1596. Tun ƙarni na 8 wani masaninsu ya rubuta cewa daɗewa ana shan ganyen shayi yana rage kitse. A cikin abubuwan da su ke jiƙawa don mai nauyin jiki akwai ganyen wani furen ruwa mai kama da bado, da 'ya'yan wata itaciya masu tsami da su ke sha bayan cin nama mai maiƙo, da kuma ƙwayar tafasa, wannan dai tafasar da a ke kwaɗo da ganyenta a ƙauyukanmu. Tsofaffin littattafansu sun fi sanin ƙwayar tafasa da maganin ido da sassauta ciki. Sanamaki kuwa daga waje ya je musu, sunan da su ke kiransa ma ma'anarsa ganyen zawo na baƙi.

A ƙa'idar masu maganin Sin, ba a ba mutum magani sai an duba harshensa, an taɓa jijiyar hannunsa, an san yanayin jikinsa. Sun hana ba mai ciki da mai raunin jiki magungunan wankin ciki masu ƙarfi. Amma da ciniki ya shiga, sai aka zuba ganyayen a kwali, aka sa hoton siririyar mace, aka ce kowa ya sha safe da yamma. Nan ne aka rabu da ƙa'idar Sinawa, aka kuma rabu da ta Sarkin Musulmi Bello.

Amfani da abin kiyayewa

Ilmin likitanci na yanzu ya tabbatar da amfanin sanamaki. Yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, ana ba da shi a asibiti ga mai taurin bayan gida, ya kan kuma yi aiki cikin awa 6 zuwa 12. Ganyen shayi ɗanye, in an sha shi ba sukari a madadin lemon kwalba, yana rage yawan zaƙin da ke shiga jiki, ko da ya ke binciken masana ya nuna nauyin da shi kansa ya ke ragewa kaɗan ne.

Sai dai kuma zuma da zaƙi da harbi. Sanamaki a babban hanji ya ke aikinsa, alhali kuwa abinci ya riga ya narke jiki ya tsotse amfaninsa tun a ƙaramin hanji. Saboda haka abin da mai shan shayin ya ke zubarwa ruwa ne da bayan gida, kitse yana nan inda ya ke. Ma'auni zai nuna ragi yau, gobe in an sha ruwa nauyi ya komo. In aka daɗe ana sha, jiki ya kan rasa ruwa da wani gishiri mai suna fotashiyam, wanda zuciya ta ke bukata don ta buga daidai. A gari mai zafi kamar Sakkwato, musamman da bazara ko da azumi, wannan hatsari ne babba. Shi ya sa likitoci su ke gargaɗi kada a wuce mako ɗaya ana shansa sai da izninsu. Mai ciki, da mai shayarwa, da yaro, da mai ciwon ƙoda ko na zuciya, da mai shan maganin hawan jini mai sa fitsari, da wanda cikinsa ke ciwo ba a san dalili ba, duk bai kamata su kusance shi ba tare da ganin likita ba.

Hatsari na biyu shi ne rashin sanin abin da ke cikin kwalin. Tsakanin 1990 da 1992, a wani asibitin rage ƙiba a Burasal ta ƙasar Beljiyam, an yi kuskuren musanya wani saiwar Sin da wani mai dafi saboda sunayensu sun yi kama. Mata fiye da 100 ƙodarsu ta lalace, da yawa sai da aka riƙa yi musu wankin ƙoda ko dashe, waɗansu kuma ciwon daji ya kama su a hanyar fitsari. Tsiron da ya yi wannan ɓarna dangin duman dutse ne da masu maganin gargajiya suka sani a nan ƙasar. Cikin 2004 Amurka ta hana sayar da kayan rage ƙiba masu ɗauke da tsiron Sin mai suna mahuwang saboda illarsa ga zuciya. Cikin 2010 kuma aka janye wata ƙwayar rage ƙiba mai suna sibutramin daga kasuwannin Turai da Amurka don tana jawo bugun zuciya da shanyewar jiki, amma bayan haka hukumomi sun sha gano ta a ɓoye cikin shayin da aka ce ganye ne zalla.

A Nijeriya hukumar NAFDAC, wadda aka kafa cikin 1993, ita ce ke da alhakin rajistar irin waɗannan kaya. Ya kamata mai saye ya duba lambarta, ya karanta jerin abin da aka haɗa, ya kuma sani cewa lambar ba shaida ba ce cewa shayin yana narkar da kitse. Wanda ƙiba ta dame shi, hanyar da aka tabbatar ita ce rage maiƙo da zaƙi da yawan tuwo, da tafiya a ƙasa kullum, da zuwa asibiti a auna jininsa da sukarinsa.

Ƙarshen rayuwarsa

Sarkin Musulmi Bello bai ajiye takobi ko alƙalami ba har tsufansa. A shekarunsa na ƙarshe Alhaji Umarul Futi ya zauna a wurinsa a kan hanyarsa ta komowa daga Makka, har ya aurar masa da 'yarsa. Cikin 1836 ya fita da kansa ya karya haɗin gwiwar Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Abzinawa a yaƙin Gawakuke. Shekara ɗaya bayan haka ciwo ya kwantar da shi, ya rasu a Wurno cikin watan Oktoba na 1837, yana da shekara 56, bayan ya yi shekara 20 yana mulki. A can aka binne shi, har yanzu kuma jama'a suna ziyartar hubbarensa. Ƙanensa Abubakar Atiku ya gaje shi.

Aikin da ya fara bai mutu tare da shi ba. Ƙanwarsa Nana Asma'u, wadda ta yi masa marsiyya, ta wallafa nata littafin a kan neman waraka cikin 1839. Malamai suka ci gaba da kwafar littattafansa da hannu, Waziri Junaidu, wanda ya rasu cikin 1997, yana cikin waɗanda suka adana rubuce-rubucen gidan Shehu masu yawa. Likitan da Bello ya nema daga Ingila bai samu ba, yanzu ana horar da irinsa a cikin garin da ya gina, a jami'ar da aka kafa cikin 1975 wadda ke ɗauke da sunan mahaifinsa, da asibitin koyarwarta.

Aiki ya rage ga ɗaliban likitanci da na haɗa magunguna su haɗa kai da malaman Larabci, a fassara waɗannan littattafai zuwa Hausa, a gwada abin da ke cikinsu a ɗakin bincike, a ware mai amfani a faɗa wa jama'a yawan da za su sha. Ga sauran jama'a kuwa, darasin a fili ya ke. In har Sarkin Musulmi, da yaƙi a gabansa da daula a wuyansa, ya ga ganye ɗaya ya isa a zauna a yi masa nazari kafin a sha, to, bai kamata ma'aikaci ko ɗalibi ya jiƙa abin da bai san sunansa ba ya sha wata da watanni don kawai ya ga hoto a jikin kwali.

Allah Ya jiƙan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, Ya ba mu lafiya mai amfani, amin.